Hoton MRI ya nuna tsagewar faifan baya a L4/L5, shin sai an yi aiki?

Ɗan Dawanau:

Assalamu alaikum. Don Allah masana ina neman haske a kan lalurar Yayana. Shekararsa 41, sana'arsa hatsi. Sati biyar ke nan ya sunkuya zai jawo buhu, sai ƙugunsa ya riƙe. Tun daga ranar zama ke ba shi wahala, musamman a mota ko a kan tabarma. In zai yi tari ko atishawa sai ya dafa bango, da asuba kuwa sai an jima kafin ya iya miƙewa sosai. Ciwon yana tsakiyar ƙugu, yana ɗan gangarowa mazaunin dama, amma bai kai gwiwa ba. Fitsari da bayan gida lafiya lau. An yi MRI, takardar ta ce akwai annular tear da HIZ a L4/L5, jijiya ba ta matse ba.

Yanzu kan gida ya rabu. Wasu sun ce basir ne, wasu sun ce a kai shi wurin mai ɗori, wani kuma ya ce in ba a yi aiki an ɗinke wurin ba zai iya shanyewa. Me ya tsage? Yana haɗewa da kansa? Kuma me ya kamata ya riƙa yi yanzu?

Likitan ƙashi:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya lafiya. Bisa bayanin da ka kawo, babu maganar aiki a nan, kuma ba basir ba ne.

Ƙashin baya gaɓoɓi ne a jere: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sai na can ƙasa da suka manne da juna. Na ƙugun su ake kira L1 zuwa L5. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai faifai mai ɗaukar nauyi da jijjiga, guda 23 ne a jikin mutum. L4/L5 shi ne faifan da ke tsakanin gaɓa ta huɗu da ta biyar, kusan daidai inda maɗaurin wando ke zama. Shi da na ƙasansa, L5/S1 (S1 ita ce ta farko a gaɓoɓin da suka manne), su ne suka fi shan wahala, kusan duk ɓallewar faifan ƙugu a wuraren nan biyu ake samunta.

Faifan kansa yana da tsakiya mai taushi da danƙo, mafi yawanta ruwa ne. Kewaye da ita akwai zobe mai tauri, hawa 15 zuwa 25 kamar na albasa, zaren kowane hawa ya gitta na maƙwabcinsa. Wannan zoben ne ya tsage, abin da takardar ta kira annular tear ke nan. Wani lokaci hawa ne ke rabuwa da hawa, wani lokaci bakin zoben ne ke ɓanɓarewa daga jikin ƙashi, amma wadda ta fi damun mu ita ce tsagar da ta taso daga tsakiya ta nufi waje. Cikin faifai babu jijiyar jin ciwo, sai a kashi ɗaya cikin uku na wajen zoben. Tsagar da ta tsaya a ciki mutum ba zai ma san da ita ba. In ta kai waje ne sinadaran tsakiyar, waɗanda ke tayar da kumburi, suke taɓa jijiyoyin nan. Ga shi kuma a ƙoƙarin jiki na gyara wurin, sababbin ƙananan jijiyoyi kan tsiro su bi tsagar zuwa ciki, sai wurin da da ba ya jin komai ya koma mai ji. Farin ɗigon da hoton ya nuna a bayan faifan, wato HIZ, alamar ruwa ne da danyen naman warkewa a cikin tsagar. Likitoci biyu, Aprill da Bogduk, su suka fara bayaninsa a 1992.

Zoben ya fi siranta ta baya, sunkuyo da zama a lanƙwashe kuma baya suke tura tsakiyar. Shi ya sa zama, tari da atishawa ke tayar masa da ciwon, tafiya kuma ta fi masa sauƙi. A wannan karon hoton da alamun sun dace da juna. Amma a kula, ba kowace tsaga ce ke ciwo ba. A 2015 an tattara bincike 33 da aka yi kan mutum 3,110 waɗanda ba su da ciwon baya ko kaɗan. An samu tsagewar zobe a kashi 19 cikin 100 na 'yan shekara 20, ta kai kashi 29 a 'yan shekara 80. Lalacewar faifai ta tsufa kuwa daga kashi 37 ta tashi har 96. Wato in ka tare mutum biyar lafiyayyu a kasuwa aka yi musu hoto, ba abin mamaki ba ne a samu mai irin takardar Yayanka. Don haka mutum ake yi wa magani, ba a bin hoto shi kaɗai.

Yana haɗewa? Wajen zoben yana ɗan samun jini, yakan yi tabo ya rufe. Cikin ba ya komawa yadda yake, domin abincinsa a hankali yake tsattsafowa ta guringuntsin da ke sama da ƙasan faifan. Taba sigari tana rage ko wannan ɗan abin, in yana sha ya bari. Amma lafawar ciwo ba ta jiran tsagar ta ɓace. Yawancin masu irin wannan suna samun sauƙi sosai cikin sati 6 zuwa 12, alhali in an sake hoto farin ɗigon yana nan. Kada a ɓata kuɗi a kan sake MRI don a ga ko ta haɗe.

Maganar shanyewa kuma, lakar baya tana ƙarewa ne a wajen L1 zuwa L2. Daga nan zuwa ƙasa jijiyoyi ne ke sauka, kuma tsaga ita kaɗai ba ta danne su. Abin tsoro shi ne idan tsakiyar ta ɓallo da yawa ta danne su gaba ɗaya, wanda ba kasafai yake faruwa ba. Alamunsa: fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba bai sani ba, kasa riƙe bayan gida, mutuwar fata a tsakanin cinyoyi da kewayen dubura har yana tsarki ba ya jin ruwa, ko ƙafafu biyu su yi rauni. Ko ɗaya ya gani, a ranar za a kai shi asibitin da ke da likitan tiyatar ƙashin baya, ko da tsakar dare ne, kada a tsaya a kemis. Ana so a buɗe wa jijiyoyin cikin kwana ɗaya zuwa biyu, in an makara fitsarin ba lallai ya dawo daidai ba.

Likitar gashin ƙashi:

Sannu Malam. Dokta ya gama bayanin ciki, ni zan yi maganar abin da Yaya zai yi da jikinsa daga safe zuwa dare, don a nan ake samun nasara ko a rasa ta.

Kada ya lizimci gado. Kwana ɗaya ko biyu a farkon ciwo ya isa, shi kuwa ya wuce nan. Doguwar kwanciya tana saki tsoka, faifan ma motsi ne ke shigar masa da abinci.

Zama ne babban abokin gabarsa yanzu. Kada ya wuce minti 20 zuwa 30 bai miƙe ya yi taku kaɗan ba. Ya zauna a kujera mai tauri wadda ƙugunsa zai ɗan ɗara gwiwa tsayi, ya naɗe tawul kaurin damtsensa ya sa a kwarin baya. Zama a tabarma da ƙafa a miƙe, da kujerar falo mai nutsewa, da 'yar kujerar tsakar gida, duk a ɗaga musu ƙafa na wata guda. A mota ya matso da kujera gaba, in tafiyar da nisa a riƙa tsayawa duk awa. Babur da adaidaita a kan hanya mai gargada sun haɗa zama da jijjiga, a rage su iya iyawa.

Awar farko bayan tashi daga barci ta fi kowace haɗari. Cikin dare faifai yana shan ruwa ya cika, har mutum yakan fi tsayi da santimita ɗaya zuwa biyu da safe, kuma cikakken faifai ya fi jin sunkuyo. Wajen saukowa daga gado ya juya gefe tukuna, ya sauke ƙafafu, sannan ya tura jikinsa da hannu. Alwalar asuba ya yi ta a zaune a kujera mai tsayi, butar tana kan wani abu kusa da shi, ya ɗago ƙafar zuwa hannu maimakon ya kai hannu ƙasa. Shara, wanki, ɗaga bokiti, duk a bar su sai rana ta ɗaga.

Tafiya ita ce magani mafi arha. Ya fara da minti 10 sau uku a rana, da ɗan sauri, hannaye suna lilo, don tafiyar ja-da-ƙafa a hankali takan ƙara riƙe ƙugu. Duk bayan kwana uku ya ƙara minti biyu zuwa uku har ya kai rabin awa a jere. An gwada wannan a Ostiraliya a kan mutum 701 da suka warke daga ciwon baya, aka buga sakamakon a 2024: masu tsarin tafiya sun kai kwana 208 kafin ciwon ya dawo, waɗanda ba su yi ba kwana 112.

Sai atisayen miƙe baya, na tsarin wani masanin gashin ƙashi mai suna McKenzie. Ya kwanta rub da ciki a kan tabarma minti 3 zuwa 5 yana numfashi a natse. In ya zauna masa daidai, ya ɗago ya dogara da gwiwar hannu minti 2. Bayan kwana biyu ya sa tafin hannu ƙarƙashin kafaɗa, ya ɗaga ƙirji sama, ƙugu na manne da ƙasa, mazaunai a sake, ya sauko. Sau 10, duk bayan awa biyu zuwa uku. Ga yadda zai gane ko yana yi masa aiki: ya lura da inda ciwon ya nufa. In yana barin mazauni yana tattaruwa tsakiyar ƙugu, alheri ne, ko da na tsakiyar ya ɗan ƙaru. In kuwa yana gangarawa cinya ko ƙwauri, ya tsaya nan take. Ba kowa wannan atisayen ke karɓa ba. Wanda hanyar jijiyarsa ta tsuke saboda shekaru, ko wanda gaɓarsa ta goce gaba, ƙara masa yake yi. Shi ya sa na fi so ya je sashen gashi a gwada a gaban ma'aikaci ko sau biyu ne. Akwai sashen a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Da ciwon ya fara lafawa sai a shiga ƙarfafa tsokokin da ke riƙe ƙugu. Guda ukun da Farfesa Stuart McGill na Kanada ya yi fice da su sun wadatar. Na farko, rigingine, ƙafa ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe, hannaye ƙarƙashin kwarin baya, ya ɗan ɗaga kai da kafaɗu kamar faɗin yatsu biyu kawai. Na biyu, kwanciya a gefe a kan gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, ya ɗaga ƙugu jiki ya miƙe. Na uku, durƙuson rarrafe, ya miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya ba tare da ƙugu ya karkace ba, sannan ya sauya. Kowanne a riƙe daƙiƙa 10, a yi sau 5, a huta, sau 3, a huta, sau 1. In ƙarfi ya zo a ƙara yawan maimaitawa, ba tsawon riƙewa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne riƙe numfashi, da ɗaga ƙafar baya ta wuce ƙugu har baya ya lotsa. Tashi-zauna irin na 'yan ƙwallo da sunkuyon taɓa yatsun ƙafa kuwa kada ya kusance su yanzu, tsagar suke buɗewa.

Ma'aunin da zai bi: ciwon da bai wuce 3 ko 4 cikin 10 ba yayin atisaye, kuma ya koma yadda yake kafin washegari, ba komai. In ya kwana ya wuni, to an yi yawa, a koma matakin baya.

Ɗan Dawanau:

Allah ya saka da alheri Dokta, Hajiya na gode ƙwarai. Na tambaye shi abin da yake sha. Kusan wata guda ke nan wani mai kemis yana haɗa masa ƙwayoyi biyar a leda, safe da dare. Na gano sunan huɗu: diclofenac, piroxicam, dexamethasone da tramol. Ya ce in ya sha yana jin garau. Sannan ya sallah? Ruku'u da sujada suna ba shi wuya. Kuma an kawo masa bel na ƙugu, ga masu cewa a yi ƙaho.

Mai harhaɗa magunguna:

Malam, wannan ledar ta fi tsagar haɗari, kuma ba wasa nake ba.

Diclofenac da piroxicam dangi ɗaya ne, aikinsu ɗaya. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, illar ce ke ninkuwa: gyambon ciki, zubar jini a hanji, taɓuwar ƙoda, hauhawar jini. An ɗora dexamethasone a kai, haɗarin zubar jinin ya sake ƙaruwa. A tambaye shi ko bayan gidansa ya koma baƙi mai danƙo, ko yana jin zafi a bakin ciki, ko ƙafafunsa sun fara kumbura. In akwai, asibiti yau.

Dexamethasone shi ne ke sa shi jin garau, amma ba shi da gurbi a maganin wannan ciwon. In aka daɗe a kansa yana tayar da suga, ya kumbura fuska, ya rage ƙarfin ƙashi, wani lokaci ya kashe kan ƙashin cinya, sai a warke daga ƙugu a koma neman sabon kwatangwalo. Sai dai tunda ya haura sati uku yana sha, kada ya yanke shi dare ɗaya. Jiki ya rage yin nasa sinadarin, yankewa kwatsam na iya kawo jiri, amai, kasala da faɗuwar jini. Ya ɗauki ledar yadda take ya kai wa likita, a tsara masa ragewa a hankali, a auna masa suga, hawan jini da ƙoda. Tramol ma haka, wata guda ya isa jiki ya saba, a sauke shi mataki-mataki. Ba ma shi da amfanin da ake zato. Gwajin da aka buga a 2023 ya nuna magunguna dangin su ba su fi ƙwayar bogi ba a sabon ciwon baya da na wuya bayan sati shida.

Abin da ya dace, in ƙodarsa da cikinsa lafiya ne: guda ɗaya tak daga wancan dangin. Ibuprofen 400mg sau uku a rana bayan abinci, ko naproxen 250 zuwa 500mg sau biyu, ko diclofenac 50mg sau biyu zuwa uku, kada ya wuce 150mg a yini. Kwana 7 zuwa 14 sannan a tsaya a duba, ba shan kullum ba. Mai tarihin olsa ko wanda ya manyanta akan haɗa masa da maganin kare ciki, omeprazole 20mg, da safe kafin karin kumallo. Mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, mai shan maganin tsinka jini da mace mai ciki, wannan dangin ba nasu ba ne sai da izinin likita. A lokacin zafi ko azumi, da jiki ke ƙarancin ruwa, ƙoda ta fi saurin jin su, don haka a sha bayan buɗa-baki da ruwa isasshe, ba da sahur a kan cikin da zai wuni a bushe ba.

Farasitamol shi kaɗai bai cika yin komai a ciwon ƙugu ba, an gwada. Pregabalin da ake yawan rubutawa yanzu ba shi da aiki a ciwon da bai shafi jijiya ba, ko a mai sauka ƙafa ma sakamakonsa bai gamsar ba, ga jiri ga sabo. Man shafawa na diclofenac da ɗumama wurin da tawul mai ɗumi ko robar ruwan zafi minti 15 zuwa 20 sun fi aminci. A sa ƙyalle tsakani, kada a yi barci a kai.

Manufar maganin shi ne ya samu sararin tafiya da atisayen da Hajiya ta zayyana. In ya sha don ya koma ɗaga buhu, to an kashe ƙararrawa ne kawai.

Likitar gashin ƙashi:

Sallah da sauƙi, shari'a ta yarda wanda ba zai iya tsayuwa ba ya yi a zaune. A wajensa ma tsayuwar ba matsala, ruku'u da sujada ne. Na sati biyu ko uku ya sa kujera a bayansa, ya yi karatu a tsaye, ya zauna ya yi nuni a inda ba zai iya ba, musamman asuba. Cikakken hukuncin ya tambayi malaminsa. Da ya fara komawa ruku'u, ya lanƙwasa daga kwatangwalo, mazaunai su ja baya, gwiwa a ɗan sake, hannaye su ɗauki nauyi a kan gwiwa, gadon baya a miƙe. Ya koyi wannan da sanda: a ɗora ta a bayansa ta taɓa ƙeya, tsakanin kafaɗu da ƙashin mazaunai, ya sunkuya ba tare da ta rabu da ko ɗaya ba. Sau 10 safe da yamma, kuma da wannan sunkuyon zai riƙa ɗaukar komai daga ƙasa nan gaba.

Bel ba ya warkar da komai. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu ta ce kada a dogara da bel ko na'urar jan baya. In zai sa na awa ɗaya a doguwar tafiya ba zan yi faɗa ba, amma ba wuni ba. Ƙaho a fata yake tsayawa, faifan kuwa yana can ciki ƙarƙashin tsoka da ƙashi. Wani yakan ji sauƙin tsoka na kwana biyu, iyakarta ke nan, kuma in za a yi lallai da sabuwar reza. Mai ɗori kuwa babu abin da ya karye ko ya goce da zai mayar. Murɗa ƙugu da ƙarfi, ko a sa yaro ya tattaka baya, yana iya mayar da tsaga ta zama ɓallewa.

Likitan ƙashi:

Na goyi bayan duk abin da aka faɗa a kan ledar nan. Saura maganar aiki, tunda ita ta tayar da hankalin gida.

Babu tiyatar da ake buɗe mutum don a ɗinke tsagar zobe kawai. Abin da ake yi wa aiki shi ne jijiyar da aka danne. Idan tsakiyar faifan ta bi tsagar ta fito, ciwon zai sauya kama: ya bar ƙugu ya koma ƙafa, ya wuce gwiwa, da zafi kamar wutar lantarki da sagewa. Ana iya gwadawa a gida sau ɗaya a sati. Ya yi taku goma a kan dunduniya, in gaban ƙafar yana faɗuwa ko babban yatsa ba ya ɗaguwa da ƙarfi, jijiyar L5 ce. Ya ɗaga a kan yatsun ƙafa ɗaya sau goma, in ya kasa, S1 ce. Raunin da ke ƙaruwa ba a jira da shi. In ciwo ne kawai babu rauni, ana ba shi sati 6 zuwa 12, don kusan biyu cikin uku na faifan da ya ɓallo jiki yana tsotse shi da kansa, kuma abin mamaki manyan ɓallewa sun fi ƙanana saurin ɓacewa. Allurar da ake yi kusa da jijiyar da taimakon na'urar hoto tana rage ciwon ƙafa na 'yan makonni, ba ta da wani tasiri a ciwon ƙugu zalla irin na Yaya. In lokacin ya cika ƙafa ta ƙi lafawa, ƙaramin aikin cire guntun da ya fito yana da kyakkyawan sakamako a ciwon ƙafa. Ko shi ma ramin zoben yana nan bayan aiki. Wani bincike na 2003 ya nuna inda ramin ya yi faɗi sosai kusan kashi 27 cikin 100 sun sake ɓallowa, inda tsagar siririya ce kuwa kusan kashi 1.

Wanda ciwon ƙugunsa ya haura wata shida zai ji tayi iri-iri, musamman a tallan asibitocin waje. Akwai gwajin da ake tsira allura cikin faifai a ɗura ruwa a ga ko ciwon zai tashi. A 2009 an nuna faifan da aka tsira sun fi saurin lalacewa bayan shekara goma, don haka ba a yin sa sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Akwai zura waya a ɗumama zoben har digiri 90, gwaje-gwajensa sun saɓa wa juna, yanzu an rage yin sa. Akwai allurar jinin mutum da aka tace, da ta ƙwayoyin halitta, da ta wani danƙo da ake cewa yana liƙe tsagar. Hujjarsu ba ta yi ƙarfi ba tukuna, kuɗinsu kuwa ba kaɗan ba. Babban aikin shi ne haɗe gaɓoɓin biyu da ƙarfe da kusoshi. A Ingila an kwatanta shi da tsararren atisaye mai tsanani a kan mutum 349, sakamakon 2005 ya nuna bambancin kaɗan ne, ga haɗarin tiyata, ga nauyin da ke komawa kan faifan da ke sama. Ni a ganina wanda bai yi wata shida yana atisaye na gaskiya ba bai kai a yi masa maganar ƙarfe ba.

Abu ɗaya da za a sa wa ido a yankinmu: ba duk ciwon baya ne na faifai ba, ko da hoto ya nuna tsaga. Ciwon da ba ya lafawa da kwanciya, mai tashin mutum tsakar dare, tare da zazzaɓin yamma, gumin dare ko rama, a binciki tarin fuka na ƙashin baya, ko da babu tari. Mai shan ɗanyen nono ko mai hulɗa da dabbobi a duba cutar burusela. Namijin da ya haura 50 a duba masa prostate, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara, mai sikila kuma nasa lissafin daban ne. Gwajin jini na ESR, mai nuna alamar kumburi a jiki, ba shi da tsada kuma yana ba da haske. Dexamethasone ɗin da yake sha yana iya ɓoye zazzaɓi, wannan ma dalili ne na ganin likita cikin satin nan.

Komawa kasuwa: zai iya fita tun yanzu ya yi ciniki da lissafi, yana tashi yana zagayawa, hakan ya fi zaman gida. Ɗaukar kaya ne sai a hankali. A 1999 a Jamus an sa ma'auni cikin faifan L4/L5 na wani lafiyayyen mutum. A kwance matsin 0.1 ne a ma'aunin megafaskal, a tsaye 0.5. Da ya ɗaga kilo 20 da baya a lanƙwashe ya kai 2.3, da ya durƙusa da gwiwa 1.7, da ya rungume kayan a jikinsa 1.1. Kilo 20 jarkar ruwa ɗaya ce, buhun hatsi mai kilo 100 ya ninka ta biyar. Daga sati na takwas, in zama da tari sun daina tayar da ciwon, ya fara da kilo 5 daga kan benci, ba daga ƙasa ba, yana ƙara kilo 2 zuwa 3 duk sati. Kayan a manne da ciki, in zai juya ya juya da ƙafafu, kada ya murɗa ƙugu da kaya a hannu, don sunkuyo haɗe da murɗawa shi ne abin da ya fi yaga zoben. Inda ake yawan komawa baya shi ne bayan an ji sauƙi, lokacin ciwo ya tafi amma tabon bai yi ƙwari ba. Cikakken buhu kuwa a bar wa 'yan dako biyu ko baro, ko bayan ya warke.